AWA ƊAYA, TAMBAYA ARBA'IN: JAWABI KAN SHIRIN JARRABAWAR KARATUN TURANCI

Wannan shi ne jawabin da Magatakardan Liman ya yi a taron Jam'iyyarmu na wata-wata nan Kumasi, bayan La'asar. Mun buga shi duka sabo da waɗanda kasuwa ta riƙe ba su sami zuwa ba.

 

Jama'a, maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta jarrabawar Turancin nan da 'ya'yanmu su ke yi in za su fita waje karatu ko aiki. Watakila wani ya ce, me ya haɗa Magatakarda da Turanci, shi da bai taɓa zama bencin makarantar boko ba? Gaskiya ne, allo muka sani da tawada. Amma an ce tambaya rabin ilimi. Wata biyu ke nan muna zama da malaman makaranta biyu na unguwan nan, da nas uku waɗanda suka yi jarrabawar da kansu, suna karanta mana takardun suna fassarawa, muna tambaya muna rubutawa. Abin da muka tara shi za mu zube a gabanku.

Abin da ya tashe mu kuwa shi ne wata 'yarmu a nan unguwa, ba za mu faɗi sunanta ba. Ta gama makarantar nas, ta yi aikin asibiti shekara huɗu, tana son ta tafi Ingila aiki. Uwarta koko ta ke sayarwa da ƙosai. Sau biyu uwar tana kwashe adashi ta biya kuɗin jarrabawa, kuɗin kuwa dubban sidi ne, sau biyu kuma yarinyar tana cin sashe uku ta faɗi a sashen karatu da rabin mataki kurum. Ran da sakamako na biyu ya fito, uwar ta zo zauren Liman tana kuka, tana tambaya ko wani ne ya sa wa 'yarta hannu. Da muka bincika sai muka ga ba hannun kowa. Yarinyar tana jin Turanci sarai, kullum da shi ta ke aiki. Jarrabawar ce ba ta san halinta ba. To, halin jarrabawar shi mu ke so mu bayyana muku yau, yara su ji, masu biyan kuɗin kuma su ji.

MECE CE JARRABAWAR?

Sunanta IELTS. An fara ta a shekarar 1989, hannu uku kuma ke riƙe da ita: British Council, da Jami'ar Kambirij ta Ingila, da wani kamfanin Ostareliya mai suna IDP. Jami'o'i da hukumomi a Ingila da Kanada da Ostareliya da waɗansu ƙasashe su kan ce sai an nuna musu sakamakonta kafin su karɓi mutum. Akwai 'yan'uwanta, kamar TOEFL ta Amurka da OET ta ma'aikatan lafiya, ko wace da nata tsari, amma wadda ke gabanmu yau ita ce IELTS. Ana zamanta a Ankara babban birni, ana kuma zamanta nan Kumasi.

Wani dattijo ya tambaye mu, ashe ba Turanci ne harshen gwamnati a Ghana ba, don me za a sake gwada yaran? Amsa ita ce, gwamnatin Ingila tana da jerin ƙasashen da ta ɗauka Turanci ne harshen yawancin mutanensu, Ghana kuwa ba ta ciki. Duk da haka akwai jami'o'in da ke karɓar sakamakon Turanci na WASSCE a maimakonta. Sabo da haka abu na fari, tun ba a fitar da ko sidi ɗaya ba, a rubuta wa wurin da za a je a tambaye su: kuna bukatar jarrabawan nan? Wace iri? Mataki nawa?

Mun ce wace iri domin iri biyu ce. Akwai wadda a ke kira Academic, ta masu zuwa jami'a da nas da likitoci. Akwai wadda a ke kira General Training, ta masu ƙaura da waɗansu ayyuka. Wanda ya yi rajistar ɗaya alhali ɗayar a ke nema gare shi, ya yi asarar kuɗinsa ko da ya ci.

Ko wace iri tana da sashe huɗu, watau sauraro, da karatu, da rubutu, da magana. Ukun farko a rana ɗaya a ke yinsu a jere, ba hutu tsakani. Sakamakon kuwa mataki-mataki ne, har zuwa 9, da rabi-rabi a tsakani. Hukumar nas da unguwar-zoma ta Ingila, wadda a ke kira NMC, tana neman mataki 7 a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu. 'Yarmu da muka ambata 6.5 ta samu a karatu, duka sau biyun.

LISSAFIN AWA

Yanzu 'yan kasuwa su matso, gama wannan lissafi ne. Sashen karatu minti 60 ne cif. Tambayoyi 40. Kashi 3 ne, a Academic ko wane kashi dogon matani ɗaya ne wanda aka ɗebo daga littattafai da mujallu da jaridu. In aka haɗa su duka, kalmomin su kan kai 2,150 zuwa 2,750. Ko wace tambaya maki ɗaya gare ta, mai wuya da mai sauƙi duk kuɗinsu ɗaya.

A raba minti 60 ga tambaya 40, ko wace ta sami minti ɗaya da rabi. A cikin wannan minti ɗaya da rabi kuwa har da karatun da rubuta amsar. Wanda ya ke karanta kalma 100 a minti, in ya ce sai ya bi matanin nan duka daga farko zuwa ƙarshe, ya cinye kusan rabin awarsa bai amsa ko ɗaya ba. Ba a kuma ƙara ko minti ɗaya don kwafe amsa. Lokaci na cika, an gama.

Masu jarrabawar sun bayyana kimanin abin da a ke bukata. A Academic, wajen amsa 23 daidai su ke ba da mataki 6, wajen 30 su ba da mataki 7, wajen 35 su ba da mataki 8. A General Training, da ya ke mataninta sun fi sauƙi, amsa 30 ɗin nan mataki 6 su ke bayarwa. Lissafin ya kan ɗan motsa daga takarda zuwa takarda, amma ba da nisa ba. Ku duba abu biyu a nan. Na ɗaya, mai neman 7 yana da damar ya kuskure wajen tambaya 10 ya kuma ci, don haka ba dalilin ya mutu a kan tambaya ɗaya. Na biyu, tsakanin 6.5 da 7 ya kan zama tambaya ɗaya ce ko biyu ko uku. Adashin uwar nan na shekara guda, a kan tambaya biyu ko uku ya tafi.

KARATU IRI-IRI NE

Mu da muka tashi a makarantar allo, da 'ya'yanmu da suka haɗa allo da boko, an koya mana karatu iri ɗaya mai daraja: a bi harafi-harafi, a ɗaga murya, kada a wuce kalma sai an gyara ta, a maimaita har ta zauna. Wannan karatu yana da wurinsa, ba kuwa abin da zai maye shi a wurin. Amma wanda ya shiga ɗakin jarrabawan nan da shi kaɗai, awa za ta ƙare yana matani na biyu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Akwai wani karatu da kowa a nan ya iya, bai dai san ya iya ba. Maigida a Kejetia in baƙonsa ya zo daga Bawku ya ce nawa ya rage a kaina na albasar bara, shin ya kan buɗe littafin bashi ya fara daga shafin farko yana karanta sunan kowa? A'a. Ya san kamar ina lissafin bara ya ke, sai ya buɗe can, idonsa ya gangara yana neman suna ɗaya, in ya same shi ya tsaya ya duba adadin da kyau, har sau biyu, don kada a yi rigima. Aiki uku ke nan ya yi: ya san tsarin littafin, ya nemi wurin, sa'an nan ya natsu a wurin.

Haka malaman suka ce a yi da ko wane matani. Da fari a ba shi minti biyu ko uku: a duba kan maganar, a karanta jimlar farko ta ko wane sakin layi, ido ya ratsa sauran da sauri, don a san wane sakin layi ke maganar me. Na biyu a koma ga tambaya, a ɗauki abin da ta ke nema, ko suna ne ko shekara ko adadi ko wani al'amari, a je a nemo wurinsa. Na uku, in an sami wurin, a nan ne za a yi karatun natsuwa irin namu na gado, jimla biyu ko uku, kalma-kalma.

Akwai wani sauƙi da yara da yawa ba su lura da shi ba. Galibin irin tambayoyin suna bin matanin a jere. In ka sami amsar ta 5 a sakin layi na uku, ta 6 tana gaba da nan, kada ka koma sama. Waɗanda ba sa bin jeri su ne irin na haɗa ko wane sakin layi da kan maganar da ya dace da shi, da na nemo sakin layin da wani bayani ya ke ciki.

In kuma ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, lalle kuwa za ka ci karo, kada ka tsaya. Matanin zai iya zama a kan ƙudan zuma, ko ginin gada, ko barcin jarirai, ba a kuma ɗauka ka san fannin ba. Duk abin da a ke tambaya yana cikin takardar. Dubi abin da ke gaban kalmar da bayanta ka wuce. Sau da yawa ba ma a kanta tambayar ta ke ba.

MATANI DA SHARHI

Ga inda 'yarmu ta fi zubar da maki, ga kuma inda mu ke roƙon ku kasa kunne. Akwai irin tambayar da za a kawo maka magana a ce ka zaɓi ɗaya cikin uku: True, watau matanin ya faɗi haka, False, watau matanin ya faɗi akasin haka, ko Not Given, watau matanin bai ce kome a kai ba. Wani lokaci Yes da No a ke sawa a maimakon biyun farko, in ra'ayin marubucin a ke tambaya.

Bari mu yi misali da abin da muka sani. A ce matani ya ce: fatake sun riƙa ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano a kan jakuna. Sai a kawo magana ta fari: an yi amfani da dabbobi wajen ɗaukar goron. Wannan True ce, ko da ya ke ba a ce dabbobi ba, jakuna aka ce. Ta biyu: daga Kano a ke kawo goron Salaga. Wannan False ce, gama matanin ya faɗi akasinta. Ta uku: fataken Hausawa ne. To, jama'a, wa ke nan da bai san fataken nan kakanninmu ne ba? Duk zauren nan zai rantse. Amma amsa ita ce Not Given, domin matanin bai faɗi ƙabilarsu ba.

Kun ga tarkon? Mai ilimi shi ya fi faɗawa ciki, gama saninsa ke gaggawar ba da amsa tun takarda ba ta yi magana ba. 'Yarmu nas ce, in matanin ya taɓa maganar lafiya sai ta amsa da abin da ta sani a asibiti. Malamanmu na zaure sun raba tsakanin matani da sharhi, sun kuma hana almajiri ya cusa sharhi cikin matani. Mu ma a zauren Liman in ana sulhu, mai shaida in ya fara cewa ai na san halinsa, lalle shi ya ɗauka, sai a tsai da shi a ce, kai dai faɗi abin da idonka ya gani. A ɗakin jarrabawan nan kai mai shaida ne a kan takarda. Kafin ka rubuta True ko False, ɗora yatsa a kan jimlar da ta ba ka hujja. In ba jimlar da za ka ɗora wa yatsa, Not Given ce.

Haɗe da wannan akwai abu biyu. Na ɗaya, tambaya ba ta cika maimaita kalmomin matanin ba, sauya musu riga ta ke yi. Matani ya ce farashi ya hau, tambaya ta ce kaya sun yi tsada. Mai neman kalma da kamanninta zai wuce amsar bai gan ta ba. Wani lokaci ma a kan sa kalma iri ɗaya a wurin da ba amsa, don a kama mai gaggawa. Ma'ana za a bi. Na biyu, ƙananan kalmomi su ke juya hukunci: duka, galibi, waɗansu, kullum, wani lokaci, kaɗai. Ɗan kasuwa ya san bambancin na biya duka da na biya waɗansu. In matani ya ce waɗansu manoma sun bar noman koko, tambaya ta ce duk manoma sun bari, to an sauya magana.

ASARAR DA BA TA DA DALILI

Akwai makin da a ke zubarwa alhali an san amsar. In aka ce a cika gurbi da kalmar da ba ta wuce biyu ba, ka rubuta uku, ka faɗi, ko da amsar tana ciki. In ka kwafo kalma daga matanin ka ɓata harafi ɗaya, ka faɗi. In aka ce harafi za ka rubuta, A ko B ko C, to harafin za ka rubuta. A karanta umurnin ko wane rukunin tambayoyi, kada a ce ai na saba.

Kada kuma a bar gurbi ba kome, domin ba a rage wa mutum maki sabo da ya kuskure. Tambayar da ta gagara, a sa mata abin da ya fi kama da gaskiya, a yi mata alama, a wuce, in lokaci ya ragu a komo. Ko wane kashi kimanin minti 20 ne rabonsa. Da ya ke na ƙarshe ya kan fi tauri, waɗanda suka yi ta sun ce gara a gama na fari cikin minti 16 ko 17 a ajiye ragowar don na uku.

YADDA ZA A SHIRYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarar da muka tsayar tare da malaman ita ce wata uku ga wanda Turancinsa ya riga ya yi ƙarfi, wanda bai kai ba kuwa ya fi haka.

Ranar farko a gwada kai. A sami takardar gwaji ta ainihi. Kambirij tana buga littattafai masu lamba cike da su, British Council kuma ta sa waɗansu kyauta a intanet. A zauna, a ajiye agogo, a kashe waya, a rufe ƙamus, a yi minti 60, a ƙirga. Abin da ya fito shi ne jarinka na gaskiya. Mai 18 da ke neman 30 ya san tafiyarsa da nisa, kada ya yi rajistar wata mai zuwa.

Sa'an nan a buɗe littafin kuskure, kamar littafin bashi. Ko wace tambaya aka faɗi, a koma matanin a nemo inda amsar ta ke, a rubuta dalilin faɗuwar: kalma ce ban sani ba, ko lokaci ne ya ƙure, ko sanina na sa, ko kuwa kwafi na ɓata. Bayan gwaji huɗu ko biyar littafin zai nuna maka ciwonka da kansa. Akwai yaran da ke yin gwaji talatin ba su taɓa komawa kan kuskure ɗaya ba, suna ta ɗiban ruwa da kwando. Gwaji ɗaya a mako, tare da awa biyu na bitar kuskure, ya fi gwaji kullum ba bita.

Ko wace rana kuma a karanta dogon rubutu ɗaya na Turanci, minti 30 ko 40. Sharhin edita na Daily Graphic ko Ghanaian Times zai yi don farawa, daga nan a wuce ga mujallun kimiyya da tarihi, a laburare ko a intanet. Gajerun saƙonnin WhatsApp da Facebook ba za su koya wa ido doguwar tafiya ba. In an gama ko wane sakin layi, a rufe shi da hannu a faɗi abin da ya ƙunsa cikin jimla ɗaya, ko da Hausa ne. Wannan shi ne maganin tambayoyin kan magana. Sababbin kalmomi a tara su a ɗan littafi, ko wace tare da 'yar'uwarta mai ma'ana ɗaya da ita, da jimlar da aka same ta ciki. Ƙamus bayan karatu a ke buɗe shi.

A koyi karatu da ido, baki a rufe. Mai motsa leɓe ba ya wuce saurin bakinsa, ido kuwa ya fi baki sauri nesa. Da fari zai yi wuya, musamman gare mu, amma mako biyu ko uku sai a saba.

Jarrabawar a wurare da yawa a kwamfuta a ke yinta yanzu. Wanda bai saba ba ya nemi babbar kwamfuta ya yi gwaji a kanta, ya koyi gangara da shafi, da yi wa jimla alama, da buga amsa. Latsa waya daban, wannan daban. A kuma tuna sashen karatu a tsakiya ya ke, an riga an gaji da na farko, ga wani yana jira. Makonni biyun ƙarshe a yi gwajin sassa ukun a jere, don jiki ya san abin da ke gabansa.

Kada a yi rajista sai an ga adadin da a ke nema, ko fiye, sau uku a jere a gida. Kada kuma a yi ta da wuri ainun, gama yawancin hukumomi shekara 2 kaɗai su ke karɓar sakamakon. Takardar shaidar da aka yi rajista da ita, ita za a tafi da ita ranar jarrabawa.

RABON IYAYE

Yanzu gare ku iyaye. Gidajenmu na zongo mun san su: ɗaki ɗaya mutum biyar, tsakar gida ɗaya iyali takwas, rediyo nan, turmi can. Yaro ya zauna da agogo, minti goma ba su cika ba an kira shi ya sayo gawayi. 'Ya mace kuwa nata ya fi yawa: ta dawo daga aikin dare, ga wanke-wanke, ga goyon ƙane, ga taya uwa suyar ƙosai tun asuba. Wanda ya iya fitar da dubban sidi, ya iya ba da awa ɗaya. Muna roƙo, awan nan in ta kama, a ɗauka yaron ya yi tafiya. A aiki wani.

Kada kuma a matsa wa yaro ya yi rajista don ɗan wane ya tafi. In ya ce bai shirya ba, ya taimake ku ne. Wanda ya faɗi kada a yi masa gori a gaban ƙannensa, a zauna a tambaye shi wane sashe ne, da mataki nawa, a san inda za a gyara.

Akwai kuma waɗansu da ke yawo a waya suna cewa a ba su kuɗi su kawo takardar sakamako ba tare da an zauna ba, ko su ɗaga maki, ko su kawo tambayoyin tun kafin rana. Ku guje su. Jami'o'i da hukumomi suna da hanyar duba ko wane sakamako kai tsaye daga wurin masu jarrabawar. Takardar jabu ba ta wuce wannan ƙofa, wanda aka kama kuwa ya rasa kuɗi, ya rasa tafiya, ya ɓata sunansa da na gidansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

ABIN DA JAM'IYYA TA YANKE

Liman ya yarda, shugabanni kuma sun amince, za a riƙa buɗe ɗakin taron Jam'iyya ko wace Asabar daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 10 na safe. Awar farko gwaji ne, da agogo a bango, ba waya ba magana. Sauran awa biyu bitar kuskure ce tare da malaman nan biyu, waɗanda suka ce ba za su karɓi ko kwabo ba, Allah ya biya su. Muna neman littattafan gwaji, ko da tsofaffi ne, muna kuma neman wanda zai ba da aron kwamfuta biyu. Alhazan kasuwa, wannan gare ku. Mai son shiga, namiji ko mace, ya kawo sunansa wurin Magatakarda.

'Yarmu da muka buɗe magana da ita ta riga ta ba da sunanta. Ta buɗe littafin kuskure, ta kuma gano cewa fiye da rabin abin da ta ke faɗi a tambayoyin Not Given ne. Uwarta ta sake shiga adashi, amma mun yi alkawari da su duka biyu ba za a biya kuɗin ba sai ta kawo 32 sau uku a jere a ɗakin nan. Ku sa ta a addu'a, ita da sauran.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda muka kuskure, malaman boko suna nan, su gyara mana. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya sa in sun tafi su tuna da gida.